Ranar Da Sista Za Ta Sa Hannu

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba," na ji ku. Wata ma cewa ta yi in ban saki yau ba za ta biyo ni har gida. Ki yi zamanki, ga shi nan.

Mun rabu da Sista a bayan motar babban ɗanta Injiniya, Auta na gefenta rungume da jakarta, an kama hanyar ofishin lauya. Yau ce ranar da za ta sa hannu a takardar wakilci, ta miƙa wa 'ya'yan nan biyu komai nata: gidan, maganar lafiyarta, da inda za ta ƙarasa sauran kwanakinta.

*

Ba wanda ya ja ta, wannan ku riƙe shi da kyau. Da bakinta ta ce a zo, da ƙafarta ta shiga lif ɗin hawa bene.

Matar da ta ƙare ƙuruciyarta a asibiti tana raba magani, har sunan Sista ya cinye sunanta na yanka, ba ta buƙatar a zaunar da ita a yi mata bayanin ciwon mantuwa. Ta san yadda yake sallama. Mukulli ya ɓata. Waya ta ɓata. Kwalbar maganin hawan jini ta ɓata. Sai kuma ranar nan da ta kishingiɗa bayan azahar, ta farka cikin hayaƙi, Auta na jijjiga ta tana kuka, wai an bar tukunya a kan murhun gas. Ita dai ba ta tuna ta ɗora komai ba. To amma ai ciwon ke nan. Daga ranar ta daina musu da kowa, ta ce gara ta miƙa da ragowar hankalinta tun bai ƙarasa tafiya ba.

Ofishin ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Kujerun masu tsayi ne, masu hannu, irin waɗanda tsoho zai dafa ya miƙe ba sai an ciccibe shi ba. A kan tebur akwai wani kwano cike da tabarau kala-kala, na waɗanda suka manto nasu a gida. Lauyar kanta wata 'yar siririya ce mai furfura a gaban goshi, aikinta ke nan shekara da shekaru, wasiyya da wakilci da rigimar tsofaffi da 'ya'yansu. In za ta yi magana sai ta fuskanci mutum sosai, yadda ko mai nauyin kunne zai karanci bakinta.

Aka gaisa. Injiniya ya gyara zama, ya ɗora mukullin motarsa a kan tebur.

"Barista, ba za mu ɓata miki lokaci ba. A nuna wa Umma inda za ta sa hannu kawai."

Lauya ta yi murmushi.

"Za a nuna mata. Ku ɗan ba mu wuri tukuna, kai da ƙanwarka."

"Wuri kuma? Ai mun gama magana a waya."

"Da sakatariyata ka gama. Ni mai sa hannu ita ce tawa, ba mai kawo ta ba."

"Umma fa takan rikice in ba ma kusa."

"To bari ta rikice a gabana in gani."

Injiniya bai so ba. Tun yana yaro yake kwance rediyon gidan ya kasa mayarwa, shi ya sa sunan ya bi shi tun kafin ya yi karatun, kuma har gobe ba ya son a ce masa jira. Ya ɗauki mukullinsa ya fita. Auta ta durƙusa ta gyara wa uwar takalmi, ta ɗora mata jakar a cinya.

"Umma, ina nan bakin ƙofa. Ko tari kika yi zan ji."

"Allah ya yi miki albarka, Auta."

Ƙofa ta rufu.

Lauya ba ta ko taɓa fayil ɗin ba. Ta baro bayan teburinta, ta jawo kujera ta zauna kusa, gwiwa da gwiwa.

"Sista, ki faɗa min da bakinki, me kika zo yi?"

"Na zo in ba yarana ikon yanke hukunci a kaina. In na sa hannu, su ke da ta cewa a kan gidan, su ke da ta cewa wajen likita. In suka ce a kai ni gidan kula da tsofaffi, sai in ɗauki jakata."

"Kin san inda za su kai ki?"

"Injiniya ya nuna min hotonsa a waya. Akwai fulawoyi."

"Kina so?"

Sista ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"'Yata, wa yake so? A gidan nan na yi jegon su duka. A nan aka fita da gawar ubansu. Amma na kusa ƙone shi da ni a ciki. In so ne, ba na so. In hankali ne, ya kamata."

Lauya ta gyaɗa kai.

"Bayanin da kika yi min yanzu, akwai masu digiri da ba za su iya jera shi haka ba."

"Ciwon yana da ranaku. Yau ya ba ni hutu ne."

Iskar fanka ta zame mata mayafi, ya sauka a wuya. Sista ta sunkuyar da kanta ƙasa, ƙasa sosai har haɓarta ta kusa taɓa ƙirji, sannan ta kama bakin mayafin da yatsu ta ja shi bisa kai. Ta ɗago ke nan ta ga idon Lauya a kanta.

"Tun yaushe kafaɗar?"

Sista ta saki bakin mayafin.

"Wace kafaɗa?"

"Mutane hannu suke kaiwa kai. Ke kai kika kawo wa hannu."

Sista ta kalli ƙofa, ta sassauta murya.

"Don Allah ki rufa min asiri. Yaran ba su sani ba."

Hannun hagun kowa ya san da shi. Tun haɗarin motar da ya ɗauke maigidanta hannun ya ƙage, ba ya wuce ƙugu. Da na dama take komai. To shi ma tun kafin a fara wannan ɓace-ɓacen ya fara sandarewa daga kafaɗa, sannu a hankali, har ya zama ba ya wuce ƙirji. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta sa mai aikin maƙwabta ta sauko mata da kofuna da kayan shayi kantar ƙasa, ta ce wa Auta gyaran kicin take yi. Ta koma sa riguna masu maɓalli a gaba, ta ce yayi ne.

"Me ya sa kika ɓoye?"

"Auta. Yarinyar nan ita kaɗai ke fama da ni. Aikinta, kasuwa, asibiti, duk ita. In na ce mata hannun ma ya tafi, wanka za ta koma yi min. Na ce a'a, wannan nawa ne, ni zan ɗauka."

"Abin da kika faɗa min ya tsaya a ɗakin nan, sai in ke kika fitar da shi. Yanzu kayan da suke ɓata, a ina ake samun su?"

"Oho. Auta ke nemowa, ta kawo min ta ce, Umma ga shi."

"Ba ki taɓa tambayar a ina ba?"

"Da wane ido? Ke in kika yi fitsarin kwance, za ki tsaya tambayar ta wane gefen katifa?"

Lauya ta yi dariya har da dafa gwiwa.

"To ni a aikin nan ba ni da kunya. Duk wanda ya kawo min tsoho ya ce ya rikice, tambaya biyu nake yi masa. Daidai a ina? Kuma ka gani, ko an faɗa maka? Ba don ina zargin kowa ba. In wata rana wani ya kai ƙara ya ce an yi miki wayo, da amsar nan zan kare takardar. Kin yarda in yi musu a gabanki?"

"Yi aikinki, 'yata. Ni dai a gama in je in kwanta."

Aka kira su. Injiniya ya shigo yana duba agogo, Auta ta zauna a gefen uwarta ta kama hannunta na dama, tana murza mata yatsu yadda ta saba.

"Injiniya, da kai zan fara. Maganar gas."

"Ai ita ce ta tayar mana da hankali, Barista. Saura ƙiris a rasa ta."

"Ka gani, ko an faɗa maka?"

"Ina wajen aiki a wani gari. Auta ce ta kira ni tana kuka."

"Me ya faru?"

"Umma ta ɗora tukunya ba ko ruwa a ciki, ta tafi ta kwanta. Tukunya ta ƙone ƙurmus. Ga jan tawul ta bari a gefen wuta, har ya kama. Ba don Auta ta dawo da wuri ba, da yanzu wani zancen ake."

Yatsun Auta suka tsaya a kan na uwarta. Ta ɗago ta kalli yayanta, ta buɗe baki, ta mayar ta rufe. Sista ta ji hannun yarinyar ya yi sanyi, ta ɗauka tuna ranar ne ya taɓa ta.

Lauya ta rubuta, ta juyo.

"Auta, ke ce a gidan. Mukullin da ya ɓata, ke kika samo?"

"Ni ce."

"Daidai a ina?"

"A... a kicin."

"Kicin da faɗi. Ina a kicin?"

"Saman firij. Can ta baya, wajen bango."

Sista ta ɗan juyo da kanta.

"Wayar fa?"

Injiniya ya karɓe.

"Wannan ni shaida ne, da hannuna na ɗauko. Na zo gaishe ta, tana wanka, Auta ta ce in kira lambar mu ji. Sai ga ƙara daga saman wadirof. Ni da tsawona sai da na yi ɗage. Muka ce kada a faɗa mata, za ta ji ba daɗi."

"Kwalbar maganin?"

Auta ce ta amsa.

"Kabad ɗin kicin. Kantar sama, bayan fulas."

Alƙalamin Lauya ya tsaya a kan takarda. Ba ta ce komai ba, ba ta ma kalli Sista ba, ta cika alkawarinta. Amma ba a buƙatar ta ce komai.

Saman firij. Saman wadirof. Kantar sama.

Sista ta ji kamar an kwara mata ruwan sanyi daga tsakar kai. Fulas ɗin nan da ake magana, ita rabon da ta taɓa shi tun kafin kafaɗar ta ƙage, kullum sai dai ta kalle shi daga ƙasa ta haƙura. Kujera kuwa gwiwoyinta sun daɗe da sallamar hawa, lif ma sai da ta dafa. A hankali ta zare hannunta daga cikin na Auta.

"Umma?"

Sista ta dafa hannun kujera ta miƙe tsaye, jakar ta zame ta faɗi, ba ta bi ta kanta ba.

"Umma, ina za ki? Barista, kin gani ko? Haka take yi," in ji Injiniya.

"Ku kalle ni."

Muryar da ta yi amfani da ita ba ta gida ba ce. Ta asibiti ce, wadda in ta ratsa ɗakin marasa lafiya har likitoci ke gyara tsayuwa.

Ta fara ɗaga hannun dama. Ya bar cinya. Ya wuce ƙugu. Ya iso ƙirji, ya tsaya. Ta cije leɓe ta ƙara tura shi, jijiyar wuyanta ta miƙe, gumi ya tsattsafo mata a goshi, hannun yana rawa amma ko ɗan yatsa bai ƙara ba. Zafin ya kawo mata ƙwalla, ta bar su suka zubo.

"Iyakarsa ke nan. Tun kafin mukulli ya fara ɓata, iyakarsa ke nan."

Ta sauke hannun, ta juyo wajen 'yarta.

"Auta."

"Na'am, Umma."

"Da wane hannun na kai waya saman wadirof?"

Auta ta kafe tayil ɗin ƙasa da ido.

"Tambayarki nake. Na hagun da kika sani, ko na daman da ba ki sani ba?"

"Umma, wataƙila... wataƙila kujera kika taka..."

"Ni? Ni da kike riƙe wa hannu in tsallake bakin ƙofar banɗaki?"

"Umma..."

"Kalle ni. Ni na karɓi haihuwar rabin unguwarmu, na san fuskar mai ciwo, na san ta mai ƙarya. Ɗago ki kalle ni."

Auta ta zame daga kujera ta zube a ƙasa. Kukan da ya ƙwace mata ba na neman tausayi ba ne, irin wanda ya daɗe a maƙoshi ne.

"Ni ce."

Ku da kuke ta yabon Auta tun shafin farko, kuna cewa Allah ya ba ku 'ya irinta, ga ta nan. Ni ma da nake rubutawa raina a ɓace yake.

Sista ta koma ta zauna. Abin mamaki, ba fushi ne ya fara zuwa mata ba. Safiyoyin nan ne suka dawo mata, da take tsayawa gaban madubin banɗaki tana jera sunayen jikokinta ɗaya bayan ɗaya, tana tsoron ranar da ɗaya zai faɗi. Da ranar da maƙwabciya ta kawo ɗanta a wanke masa ciwo, ta ce a kai shi wani wuri, ita ba ta yarda da hannunta ba yanzu. Da ranar da ta kama hannun yarinyar nan ta ce ta yafe mata wahalar da take ba ta, Auta ta share mata hawaye ta ce ba komai, Umma.

"Kin ce min ba komai."

"Umma, ki yafe..."

"Ina ba ki haƙuri, kina share min hawaye, alhali ke kika san inda kika ajiye kwalbar."

"Na gaji ne, Umma! Wallahi na gaji!"

Auta ta ɗago, fuska duk majina da hawaye.

"Tun rasuwar Abba nake gidan nan. Kowa ya tafi ya yi rayuwarsa, ni aka bari saboda ni ce ƙarama. An ba ni gurbin ƙarin karatu, na ce a ɗaga min. Aka sake ba ni, na sake cewa a ɗaga. Wannan karon sun ce in ban je ba sun ba wani. Na kira Yaya, na kira yayyena mata su Anti, kowa sai ya ce, ai Umma lafiyarta lau, me kike yi mata da za ki ce kin gaji? Sannu kawai suke aiko min ta waya. Na ga in dai lafiyarki lau, ba mai zuwa. Shi ne na ce... na ce in suka ga kin fara mantuwa, za su taso."

"Sun kuwa taso."

"Ban ɗauka za ta kai ga haka ba."

"Ni me ya hana ki faɗa min?"

"Na faɗa! Na ce miki Umma na gaji, kika ɓallo min maganin ciwon kai kika ce in kwanta!"

Wannan ta shige ta, don ta tuna ranar. Amma ba ta rage komai ba.

"Auta, kin san me ya sa na ɓoye kafaɗar nan? Don kada in ƙara miki ko cokali ɗaya a kan kayan da kike ɗauke da shi. Ina sa riga ina cizon leɓe don kada ki ji daga ɗakinki. Ina tattalin ki ta nan, ke kina kwance min hankali ta can. Da gidan kika ce kina so, da na ba ki. Da tafiya kika ce za ki yi ko ina so ko ba na so, da na yi fushin kwana biyu na haɗa miki akwati. Amma ki sa in tsani kaina? Ki sa in riƙa jin tsoron kaina a cikin ɗakina?"

Injiniya ya daki tebur har kwanon tabarau ya yi tsalle.

"Ke! Uwarki? Uwar da ta haife ki? Ashe maciji muka bari a gida! Barista, ki shaida, ni yaudarata aka yi. Wallahi yau sai kin bar gidan nan, munafuka!"

"Ka sassauta murya, nan ofis ne," in ji Lauya. Ta jawo fayil ɗin ta rufe, ta ɗora gwiwar hannunta a kai. "Yau dai ba mai sa hannu a komai."

"A'a, Barista, wannan daban, wannan daban. Mukulli da waya mun ji, sharri ne. Amma gas fa? Wuta fa? Har yanzu zaman Umma ita kaɗai a gidan nan hatsari ne."

Sai a lokacin Sista ta tuna da hayaƙin. Ta juyo a hankali ta dubi yarinyar da ke durƙushe a gabanta.

"Har da shi, Auta? Ina kwance a ɗaki?"

Auta ta zabura kamar an ɗana mata wuta.

"A'a! A'a wallahi! Umma, na ɓoye mukulli, na ɓoye waya, na ɓoye magani amma kullum sai na tabbatar kin sha na ranar. Gas ba ni ba ce. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ba ni ba ce. Dawowa na yi na tarar da hayaƙi. Ni ma tun ranar nake cewa ko alhakinki ne ya kama ni, abin da na ƙirƙira ya zama gaske."

Sista ta lumshe ido.

Da safen nan ta fito daga gida ba abin da take tsoro a duniya kamar a ce hankalinta ya tafi. Yanzu ga ta zaune a kujerar lauya tana roƙon Allah a zuci ya sa ita ce. Ya sa ita ta ɗora tukunyar ta manta. Ta yarda a kai ta gidan fulawoyin, ta yarda ta manta sunan kowa, in dai ba wani daga cikin waɗanda ta goya ne ya kunna wuta ya ja mata ƙofa ba.

"To ni ce," ta faɗa da wata ƙaramar murya. "Wannan ɗayan ni ce. A bar shi a haka."

"Kin ji ko, Barista? Ita da kanta ta faɗa," in ji Injiniya, yana miƙa hannu wajen fayil.

"Yaya."

Auta ce. Ta daina kuka. Tana durƙushe har yanzu, amma idonta na kan yayanta.

"Wa ya faɗa maka maganar jan tawul?"

"Wane irin wa ya faɗa min? Ke mana."

"Ban faɗa maka ba."

"Kin faɗa, a waya. Kina cikin ruɗu, ba za ki tuna ba."

"Tukunya na ce maka. Tawul ɗin, ina kashe wutar na naɗe shi a leda na cusa a jakata, tun kafin in tashi Umma, don kada ta gani hankalinta ya ƙara tashi. A kwandon sharar wajen aikinmu na jefar da shi washegari. Ban faɗa wa kowa ba. Ko su Anti ba su sani ba."

"To... to Umma ce ta faɗa min."

Sista ta buɗe ido.

Ita yau ta fara jin an ce tawul ya kama wuta. Ta san shi sarai, jan tawul mai zanen kifi. Wurinsa ƙusar nan ta bayan ƙofar kicin, wadda marigayi ya kafa daidai tsawonsa shi, ba nata ba. Tun da kafaɗar ta ƙage ta bar shi a rataye, ta koma goge hannu da ɗan tsumman da ke jikin murfin kabad. Ko da hankalinta ya gudu ya bar garin, hannunta ba zai sauko da tawul ɗin nan ba.

Addu'arta ba ta karɓu ba. Ba ita ba ce.

Ta dubi ɗanta na fari. Shi ne mai ɗayan mukullin ƙofar baya. Shi ne tun bayan rasuwar ubansu in ya zo gaisuwa ba ya zama, sai ya zagaya bayan gida hannu a aljihu, yana auna filin da ido. Shi ne ya samo gidan fulawoyin, shi ya samo lambar ofishin nan. Ga shi tsaye, hannunsa a miƙe bai kai ga fayil ba bai kuma janye ba, gumi na bin gefen kunnensa duk da fankar da ke kansa.

Lauya ta buɗe baki za ta yi magana. Sista ta ɗaga mata hannu, iya inda yake kaiwa.

"Bari, 'yata. Na koyi tambayar."

Ta gyara zama, ta fuskance shi sosai yadda zai karanci bakinta.

"Injiniya. Ranar da na kwanta bayan azahar, daidai a ina kake?"